Man Shanun Gwiwar Inna

Bari in fara da gyara, don har shekaranjiya sai da wata ta tare ni a wurin niƙa tana tambaya ko aljanun Innarmu sun sauka. Inna ba ta da aljanu. Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba ruɗin tsufa ba ne, kuma ba Ramatu matar yayana ce ta zuba mata wani abu a tuwo ba, ko da yake wannan ne mutane suka fi jin daɗin ɗauka. Abin da ya kwantar da Inna kusan wata biyu man shanu ne da aka dafa da wiwi, a cikin gidanmu, a tukunyarmu, kuma da niyyar alheri. Masu tsofaffi a gida su karanta da kyau.

Mu huɗu ne a gidan a Gusau tun rasuwar Baba: Inna, ni Sa'a, Yaya Nura, da matarsa Ramatu, 'yar Bilbis. Yaya Nura bin manyan motoci yake yi da hatsin wani Alhaji zuwa kudu, yakan yi makonni ba ya gida. Ni ina zuwa shagon ɗinki tun da na gama sakandare. Girki da hidimar Inna duk a hannun Ramatu suke, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ni da kaina na fi ta ƙorafi, alhali ba ni nake aikin ba.

Inna ta daɗe da ciwon gwiwa. Ya kai ta ga yin salla a kujera, abin da ta tsana fiye da ciwon kansa. Ga hawan jini. Likitanta ya hana ta jiƙe-jiƙe, ni kuma na ɗauki abin da zafi: duk sassaƙe ko garin da na gani a ɗakinta, kwata nake kai shi ba tare da na tambayi kowa ba.

A makon farko abin ya fi kama da wasa. Inna za ta sha kununta da safe lafiya lau, mu gaisa, in fita. Kafin azahar Ramatu ta kira ni a waya ta ce in zo in gani. Sai in tarar da Inna a tsakar gida ta zuba wa akuya ido tana dariya, irin dariyar da ba ta yi ko a biki. Idanunta jajir, bakinta a bushe. Ta tayar da salla ta manta raka'a ta nawa take, ta sallame ta sake, ta kuma mantawa. Wata rana ta tambaye ni me ya sa yau rana ta ƙi tafiya, wai tun ɗazu take jiran la'asar kamar an yi kwana biyu. Can kuma yunwa ta taso mata. Matar da loma biyar ke isar ta sai ga ta ta share kwanon shinkafa da wake ta nemi ƙanzo. Daga nan barci. Da magariba ta tashi kamar ba ita ba, ta ce mu muke ƙara wa abin gishiri.

Ni dai mamaki ya fi damuna a lokacin. Wace irin cuta ce mai zuwa da hantsi ta tafi da yamma kamar ma'aikaciyar gwamnati? Wace cuta ce ke ƙara wa mutum cin abinci? Mai kemis ɗin unguwarmu bai yi wannan dogon tunanin ba. Ya ce maleriya ce da taifod, abin da yake ce wa kowa, ya yi mata allurai.

Dariyar ba ta daɗe ba. Sai ta koma tsoro. Inna ta riƙa dafe ƙirji tana cewa zuciyarta za ta fito, tana kiran sunayen matattu tana cewa mu yafe mata. A mako na biyu jiri ya ɗebe ta a banɗaki ta faɗi a kan hannun dama. Ramatu ce ta ɗauko ta a baya, ita kaɗai, har bakin titi.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Layin kati kaɗai ya ci mana safiya guda, muka kai gaba aka ce ba a ga fayil ɗinta ba, a buɗe sabo. Safar hannu mu muka saya, auduga mu muka saya, har ruwan da za a ɗaura mata. Kuɗin da na tara don keken ɗinki na kaina can ya tafi. Amma a asibitin nan ne kuma wata nas, da ban ma san sunanta ba, ta ga Inna na rawar sanyi a benci ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa mata, ta je ta yi faɗa da mai kiran suna har aka shigar da mu. Allah ya saka mata. Haka Maman Joy, maƙwabciyarmu mutuniyar Jos, da ke sayar da kayan masarufi a ƙofar gidanta. Kullum sai ta rufe shago ta zo da farfesu, ta zauna da Inna don mu samu mu je mu yi wanka.

Ƙashin wuyan hannu ya tsage, aka sa mata siminti. Likita ya yi zargin shanyewar ɓarin jiki ce ke neman kama ta, ya tura mu hoton kai. Hoton ya fito ba komai. Ya tambaye ta a gabana ko tana shan wani maganin gargajiya. Inna ta dube shi ido cikin ido ta ce a'a. Aka riƙe ta kwanaki, kuma abin mamaki, tun kwana na biyu ta warware. Ba dariya, ba tsoro, ba jan ido. Sai masifa da ta riƙa yi cewa kunun asibiti ruwa ne. Aka sallame mu muna murna.

Kwana biyu da komawa gida abin ya dawo.

A nan ne Gwaggo Hurera, ƙanwar marigayi Baba, ta iso daga Karakkai da ƙullin hayaƙi da tazargade. Ta sa aka kira malamin ruƙiyya. Mutumin kirki ne. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, Inna kuwa ta yi barcinta tana murmushi. Da zai tafi ya ce shi bai ga alamar iska ba, mu koma asibiti. Gwaggo ba ta so wannan amsar ba, sai ta zauna ta yi nata lissafin a gaban matan da suka zo dubiya: a asibiti Inna ta ci abincin waje ta warke, ta dawo gida ta ci na tukunyar gida ta kwanta. Wa ke riƙe da tukunyar?

Abin haushin shi ne lissafin ya hau. Na ce Ramatu ba za ta yi haka ba, Gwaggo ta ce to in kawo wani bayanin, kuma ba ni da shi.

A unguwarmu ana musayar kwano. In kin yi girki ki aika wa maƙwabta, su ma su aiko miki. Cikin kwana uku kwanonin Ramatu suka fara dawowa yadda suka tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Wata ta ce azumi take yi, wata ta ce sun riga sun ci. Maman Joy kaɗai ke dawo da kwanon a wanke. Ramatu ta ɗauki kwanon Inna a gaban kowa ta ci rabi don a gani. Gwaggo ta ce ai wanda ya haɗa abu yana da makarinsa.

Ana cikin haka Yaya Nura ya dawo daga tafiya. Ya shiga ya ga Inna da rana tsaka tana kallon tafin hannunta kamar yau ta fara ganin sa. Na lura fuskarsa ta canza, amma na ɗauka tausayi ne. Ya shiga ɗakinta ya birkice shi, wai yana neman laya ko wani abin da aka binne. Bai samu komai ba. Da Gwaggo ta matsa, sai ya ce Ramatu ta je gida Bilbis ta huta har abin ya lafa. Bai ce ita ce ba. Bai kuma ce ba ita ba ce.

Na raka ta tasha da safe, don hanyar Tsafe da ake bi zuwa Bilbis ba a wasa da ita in rana ta yi sanyi. Ba ta yi kuka ba. Da za ta shiga mota ta ce, "Sa'a, kunun nata kar ki cika tsamiya. Kuma ki riƙa juya mata matashin nan na ƙarƙashin hannu, ba ta faɗi in ya dame ta."

Girki ya dawo hannuna, kuma ciwon bai fasa zuwa ba. Na ɗauka wannan zai wanke Ramatu. Gwaggo ta ce sam, abin ya riga ya shiga jini. Na fara lura da Inna kamar mai gadin kanti. Na canza gero, na canza randa, na daina sa mata sukari. Duk a banza. Abu ɗaya na gano: in na zauna da ita har ta shanye kunun, ranar lafiya take wuni. In na ajiye mata na fita, sai an kira ni.

Simintin hannunta ne ya tona asirin. Wata safiya ta kira ni a hankali, ta ce in tura ƙofa. Ta sa hannun hagu cikin jerin tsofaffin kwanonin aurenta da ba mai taɓawa, ta zaro wata kwalba. Ranar murfin ne ya ƙi buɗuwa da hannu ɗaya. Sai da ta sa na yi alkawarin ba zan zubar ba kafin ta miƙo.

Man shanu ne, amma launinsa ya ja zuwa kore-kore. An toya shi da albasa yadda aka saba, sai dai a ƙarƙashin ƙamshin albasar akwai wani wari kamar na ɗanyar harawa da ruwa ya taɓa. Ta ce wancan yaron ne ya kawo mata. Haka take kiran Yaya Nura, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Wai ya samo daga wani mai magani, na gwiwa ne, kuma ya ce kar ta bari in gani. Ina tsaye ta lakata ta murza a gwiwa ɗaya, ta murza a ɗayar. Sannan ta ɗauki cokali ta ɗebo ta nufi kofin kunu.

Na riƙe hannun. Na ce ya ce ki sha?

"Shi dai shafawa yac ce. To amma wane irin magani na ba a sha? Ciwon cikin ƙashi yake, shafa kaɗai ina za ta kai mai? Tun muna yara haka munka iske, a sha a shafa. Kuma man shanu na, ɗiyata, ba guba ba."

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san gaskiyarta. Rubutu a sha a shafa. Jiƙo a sha a yi wanka. Man habbatussauda a shafa a lasa. A wurin Inna maganin da bai bi ta maƙogwaro ba rabin magani ne.

Na karɓe kwalbar. Mai hankali asibiti zai nufa da ita kai tsaye. Ni kuwa so nake in sani da kaina. Na zuba cokali guda a ɗumamen tuwo na cinye. Na zauna ina jira. Shiru. Na yi wanka, na yi shara, shiru. Na ce ashe ba shi ba ne, kuma don in tabbatar sai na ƙara wani cokalin, na saka kwalbar a jaka na tafi shago.

Ina tsakiyar ɗinka wuyan wata riga abin ya iso. Ƙarar keken ta koma kamar daga gidan maƙwabta take fitowa. Hannayena na gan su can nesa suna aiki ba da izinina ba. Wata mata tana yi mini bayanin irin hannun da take so, ni kuwa ina kallon bakinta ina mamakin yadda aka yi mutum yake da haƙora da yawa haka. Na fashe da dariya na kasa tsayawa. Bayan dariyar sai tsoron. Ban taɓa jin irin sa ba. Zuciyata na dukan ƙirjina, na tabbata mutuwa zan yi a kan rigar mutane, kuma duk minti ɗaya sai ya yi tsawon wuni. Na yi amai a bakin shago. A cikin wannan halin abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ashe abin da tsohuwar nan ke sha ke nan kullum, ita kaɗai, tana zaton ajalinta ne.

Maman Joy aka kira, ita ta kai ni asibiti da kwalbar. Wani likita matashi muka samu. Ya buɗe ya sansana, ya dube ni, ya sa aka gwada fitsarina. Washegari aka kawo Inna aka gwada nata. Wiwi ce.

Da hankalina ya dawo na tsare shi da tambayoyi har sai da ya ce ko jarida nake wa aiki. Me ya sa ban ji komai ba sai can daga baya? Ya ce wanda aka busa nan take yake hawa kai, wanda aka ci kuwa sai ya bi ta ciki da hanta, shi ya sa yake jinkiri, kuma in ya zo ya fi ƙarfi ya fi daɗewa. Ya ce kuskuren da na yi na ƙarawa shi ne wanda kusan kowa ke yi. Me ya sa man shanu? Ya ce maiƙo ne ke janyo ƙarfin ganyen ya riƙe shi. Maganarsa da ta zauna mini ita ce: "Wanda ya dafa wannan a gida bai san ƙarfin abin da ya dafa ba. Cokalin yau da na gobe ma ba ɗaya ba ne." Ga tsohuwa mai shan maganin hawan jini, ya ce, jiri da faɗuwa su ne abin tsoro, kuma mun yi sa'a hannu ne ba ƙugu ko kai ba. Na tambaye shi to yana maganin gwiwar? Don Inna ta rantse ciwon ya ragu. Ya ce ba zai ƙaryata ta ba, amma matar da ba ta san raka'a ta nawa take ba, ba abin mamaki ba ne in ta manta da gwiwa. Ya ƙara da cewa abin laifi ne a doka, shi dai likita ne, amma mu san da haka.

Na sami Yaya Nura a zaure yana wanke babur. Na ajiye kwalbar a kan sirdin. Bai yi musu ba. Ya ce a waya ya ga bidiyon wasu Turawa suna cewa yana maganin ciwon gaɓoɓi, kuma ya gaji da ganin Inna tana hawaye in za ta tashi daga tabarma. Wani yaron mota ya samo masa ganyen. Ranar da muka tafi suna Bungudu mu uku ya yi aikin, da man shanun da Gwaggo ke aiko wa Inna daga Karakkai, a ƙaramar tukunyar miyar Ramatu. Ya wuni a gaban murhu, mutumin da ko ruwan shayi ba ya dafawa. Ya tace da tsumman tatar koko, ya cika gidan da turaren wuta don warin. Na yi ta tambayarsa yadda ya yi, yana ba ni amsa har da ɗan alfahari, sai da ya tuna dalilin zaman. Ba zan rubuta yadda ake yi ba, kar wani mai tausayin uwarsa ya gwada.

Ya ce sau uku ya gaya mata shafawa kawai. Na ce a gidan nan ka girma, yaushe ka taɓa ganin an ba Inna magani ta tsaya a shafawa?

Na tambaye shi abin da ya fi ci mini rai: tun ranar da ya dawo ya gane, me ya sa ya bari Ramatu ta tafi? Ya ce ya so ya nemo kwalbar ya jefar, Inna ta warke, magana ta mutu, ya je ya dawo da matarsa. Ya tambayi Inna a ɓoye ta ce ya ƙare, don ta san zai karɓe. In ya faɗi gaskiya kuwa sunansa ya zama ɗan wiwi, Alhaji ba zai sake ba shi amanar mota ba, kuma wa ya san ko jami'ai za su zo. Na ce to sunan Ramatu fa? Ya ce ai ita mace ce, abin zai wuce.

Makon da ya biyo baya ya fi kowanne wahalar jinya. Inna ta kasa barcin kirki, abinci ya fita ranta, ga faɗa kamar ta ci ni ɗanya. Ciwon gwiwar ya dawo da ƙarfinsa. Sau biyu tana roƙo na in ba ta man nata ko na shafawa ne kawai. Na ce yana masai. Muka koma layin asibiti, wannan karon ɓangaren gashin ƙashi, aka koya mini yadda zan riƙa motsa mata ƙafar da gasa ta da ruwan ɗumi. Sun ba ta sanda, ta ce ita ba tsohuwa ba ce, yanzu kuma ko ƙofar ɗaki ba ta zuwa sai da ita. An cire simintin. Hannun ya ɗan kanƙance amma tana riƙe carbi da shi. Hankalinta ya dawo tsaf, alhamdu lillahi, kuma da ya dawo abin da ta fara yi shi ne kukan Ramatu.

Gwaggo, da aka gaya mata, ta yi salati ta ce a rufa wa yaro asiri. Shawararta ita ce a aika Bilbis da goro da turmin atamfa a ce an gano ba Ramatu ba ce, shi ke nan. Aka aika. Mahaifin Ramatu ya dawo da kayan, ya ce a tambaye mu: in ba ita ba ce, wane ne? A bainar jama'a aka ɓata ɗiyarsa, ba zai karɓi wankin da aka yi a bayan ɗaki ba.

Na kira Ramatu. Ba ta yi maganar dawowa ba, lafiyar Inna ta fara tambaya. Sai da na matsa ta gaya mini labarin ya riga ta isa garin. An yi biki a danginsu, da ta kama muciya za ta taya tuƙi sai wata ta karɓe ta ce ta je ta huta. Mahaifiyarta ƙosai take soyawa a ƙofar gida, yanzu rabin ƙullun dawowa yake yi.

Na je na gaya wa Inna abin da na yanke. Ranar kasuwa zan shiga motar farko in tafi Bilbis, in zauna gaban mahaifin Ramatu da matan gidansu da duk wadda ta leƙo, in faɗi abin da ke cikin kwalbar. Dawowa ko rashin dawowa wannan na Ramatu ne, ba biko zan je ba. Inna ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in tabbatar na gaya musu ita ta sha da hannunta, ba wanda ya ɗura mata.

Yaya Nura ya tare ni a zaure da ya ji. Ya ce in yi wa Allah in ce wani mai magani ne ya cuce mu, ai duk ɗaya ne, Ramatu ta wanku. Na ce ba ɗaya ba ne, kuma akwai wuri a motar in yana so ya faɗa da bakinsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "To in ban je ba, za ki faɗi sunana?"

Na ce da shi zan fara.